Tsarin Gurabe a Fom na Intanet da Tasirinsa ga Ingancin Bayanai: Nazarin HTML da XLSForm ta Fuskar Bayanan Hausawa

Tsakure

Fom na intanet shi ne ƙofar da ake bi a yau wajen neman shiga makaranta, da buɗe asusun banki, da neman aiki, da tattara bayanan lafiya da na noma. Wannan maƙala ta nazarci yadda ake gina irin wannan fom, ta hanyar duba ƙa'idoji biyu da aka fi dogara da su, wato HTML da XLSForm, tare da gwada ire-iren gurabensu a kan bayanan yau da kullum na Hausawa: suna, da lambar waya, da ranar haihuwa, da ƙaramar hukuma, da ma'aunin hatsi. Nazarin ya nuna cewa nau'in gurbin da magini ya zaɓa shi ke iyakance amsar da za ta iya shiga, kuma inda gurbin ya saɓa wa al'adar mai cikewa, ko dai a ƙi karɓar amsar gaskiya, ko a tilasta masa shigar da ta ƙarya.

1. Ma'ana da Asali

Fom na intanet shafi ne mai ɗauke da tambayoyi da guraben amsa, wanda ke aika abin da aka cike zuwa wata kwamfuta mai adanawa, wadda ake kira saba. Sassa uku ne suka haɗa shi: abin da mai cikewa ke gani, da ƙa'idojin da ke tantance amsarsa, da rumbun bayanan da amsar ke sauka. Akasarin kurakuran da za a tattauna a nan suna faruwa ne a mahaɗar waɗannan sassa.

Ƙa'idar HTML 2.0, wadda aka wallafa a watan Nuwamban 1995 a takardar RFC 1866 ta Tim Berners-Lee da Dan Connolly, ita ce ta fara daidaita fom a hukumance. Gurabenta kaɗan ne: akwatin rubutu mai layi ɗaya, da mai layuka da yawa, da gurbin kalmar sirri, da akwatin sa alama, da maɓallin zaɓi ɗaya, da jerin zaɓi, da ɓoyayyen gurbi, sai maɓallin aikawa da na gogewa. A cikin watan ne kuma RFC 1867 ta gabatar da hanyar ɗora fayil. Haka aka jima ana aiki har zuwa HTML5, wadda ƙungiyar W3C ta amince da ita a watan Oktoban 2014, inda aka samu gurabe na musamman don imel, da lambar waya, da adadi, da kwanan wata, da lokaci, da launi. An kuma samu damar wajabta gurbi, da iyakance mafi ƙanƙanta da mafi girman adadi, da ɗora tsarin da rubutu zai bi, duk ba tare da an rubuta ƙarin umarnin kwamfuta ba.

Reshe na biyu ya tsiro ne daga XForms, wadda W3C ta fitar a 2003. Burauza ba su rungume ta ba, amma ta samu gida a fagen tattara bayanai da waya. Manhajar ODK, wadda aka fara a 2008 a Jami'ar Washington ƙarƙashin jagorancin Gaetano Borriello, a kanta ta ginu, haka ma KoboToolbox da ƙungiyoyin agaji ke amfani da ita. Da yake rubuta XForms da hannu aiki ne mai wuya, sai aka ƙirƙiro XLSForm, wadda ke ba mutum damar tsara fom a cikin jadawalin Excel: shafi ɗaya na tambayoyi, ɗaya na zaɓuɓɓuka, ɗaya na saiti. Kowane layi tambaya ce, mai nau'i, da sunan da kwamfuta za ta san ta da shi, da rubutun da mutum zai karanta. A Najeriya an yi amfani da ODK a ayyukan sa ido na yaƙi da cutar shan inna. Manhajoji irin su Google Forms kuwa sun sauƙaƙa aikin ga kowa, sai dai zaɓin gurabensu bai kai na waɗancan yawa ba.

2. Gurbin Suna da Matsalar Haruffa

Akwatin rubutu shi ne mafi sauƙin gurabe a wajen gini, kuma a kansa ne ɓarna ta fi yawa. Matsala ta farko tana cikin yadda ake raba suna. Fom da yawa na tanadin gurbin sunan farko, da na tsakiya, da na sunan dangi, bisa tsarin Turawa inda zuriya guda ke gadon suna ɗaya. Bahaushe kuwa yakan haɗa sunansa na yanka da na mahaifinsa, wani lokaci ya ƙara da sunan gari, ko unguwa, ko sana'a, ko laƙabi. Malam Aminu Kano, da Alhaji Shehu Shagari, da Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa duk da sunan wuri aka san su. Idan aka tambayi mai irin wannan suna sunan danginsa, a wannan fom zai sa na mahaifi, a wancan ya sa na gari, kuma duka biyun gaskiya ya faɗa. Ranar da aka zo haɗa bayanan makaranta da na banki da na katin ɗan ƙasa, sai a tarar mutum ɗaya ya zama biyu a idon kwamfuta. Abin da ya fi dacewa shi ne gurbi guda na cikakken suna, in kuwa doka ta tilasta rabawa, a rubuta a fili cewa ana son sunan kamar yadda yake a takarda kaza.

Matsala ta biyu ita ce haruffa masu ƙugiya. Tsarin Unicode ya ba kowannensu lamba: ɓ ita ce U+0253, ɗ U+0257, ƙ U+0199, sai ƴ da ake rubutawa a Nijar, U+01B4, kuma manyansu ma suna da nasu lambobin. Babu ɗaya daga cikinsu a tsohon tsarin ASCII mai alamomi 128, ko a tsarin Latin-1 na yammacin Turai. Harafin na iya salwanta a wurare uku. Na farko a wajen tantancewa, idan magini ya ɗora ƙa'idar cewa suna ba zai ƙunshi komai ba sai haruffan A zuwa Z. A nan mutumin Ƙanƙara ko Ɗambatta zai ga jan rubutu na cewa abin da ya shigar ba daidai ba ne, alhali daidai ya rubuta. Na biyu a rumbun bayanai. Manhajar MySQL, alal misali, ta daɗe tana ɗaukar Latin-1 a matsayin tsarinta na asali kafin fitowa ta 8.0 ta koma UTF-8 na Unicode, don haka tsofaffin rumbuna da ba a gyara ba kan mayar da ƙ alamar tambaya ko su ƙi ta. Na uku a wajen bugawa, idan salon rubutun da aka zaɓa wa katin shaida ko rasit ba shi da harafin, sai wani ɗan akwati ya fito a madadinsa.

Mai cikewa yakan koyi darasi nan da nan, ya daina sa ƙugiya. Asarar da ke cikin haka ba ta tsaya ga ado ba, domin kafa da ƙafa kalmomi ne daban, haka baki da baƙi. A fom na asibiti ko na binciken harshe, inda ake rubuta amsa da jimla, wannan bambanci na iya sauya ma'ana. Ko da an adana haruffan lafiya, jerantawa na da nata tarkon: idan aka bi lambar Unicode kawai, duk sunan da ya fara da Ɗ ko Ƙ zai faɗa ƙarshen jeri, bayan Z. Kundin CLDR na ƙungiyar Unicode yana da tsarin jerin Hausa, wanda ke sa ɓ bayan b, ɗ bayan d, ƙ bayan k, sai dai ba ya aiki sai magini ya kira shi.

Alhamza ta fi ƙugiya rikici. Tana cikin sunaye da dama, kamar Sa'adatu, da Rabi'u, da Shu'aibu, da Isma'ila, tana kuma cikin 'ya'ya da 'yan. Alamomi aƙalla uku ake rubuta ta da su: miƙaƙƙiya ta allon rubutu, U+0027, da lanƙwasasshiya, U+2019, wadda wasu wayoyi da manhajojin rubutu ke sauyawa da kansu, da kuma U+02BC wadda Unicode ke ɗauka a matsayin harafi. A ido kusan ɗaya suke, a wurin kwamfuta kuwa Sa'adatu uku ce daban-daban, kuma binciken ɗaya ba zai fito da sauran ba. Maganin shi ne saba ta mayar da su duka zuwa siffa ɗaya kafin adanawa. Wani dalilin da ke sa magina korar alhamza shi ne tsoro: miƙaƙƙiyar ita ce ke buɗe da rufe rubutu a harshen SQL na rumbun bayanai, kuma masu kutse kan yi amfani da ita su cusa umarni. Tsoron yana da tushe, amma hana alamar ba ya toshe ƙofar. Hanyar da masana tsaro suka yarda da ita ita ce a raba umarni da bayanai, a miƙa abin da mutum ya rubuta a matsayin ƙima kawai, ta yadda rumbun ba zai taɓa karanta shi a matsayin umarni ba. Wanda ya bi wannan hanya ba shi da hujjar sauya wa Rabi'u suna.

Akwai inda taƙaitawa ke da hujja. Layukan da na'ura ke karantawa a ƙasan fasfo, bisa ƙa'idar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, manyan haruffan A zuwa Z da lambobi da alamar cike gurbi ɗaya kaɗai suke ɗauka. Haka kuma saƙon tes na tabbatarwa, wanda ke ɗaukar haruffa 160, yakan koma 70 da zarar harafi mai ƙugiya ɗaya ya shiga. A irin wannan hali sai a adana siffa biyu, ta asali da sassauƙa, kwamfuta ta fitar da ta biyu daga ta farko. Ajami ma yana shiga akwatin rubutu idan an bar burauza ta gano alƙiblar rubutun da kanta, daga dama zuwa hagu.

3. Lamba, Adadi da Ma'auni

Ba duk abin da aka rubuta da alƙaluma ne adadi ba. Adadi shi ne abin da ake tarawa ko a debe, kamar shekaru ko yawan 'ya'ya. Lambar waya, da lambar NIN, da ta BVN alamun shaida ne, ba wanda ke tara su. Lambar waya a Najeriya alƙaluma 11 ce kuma da sifili take farawa. Idan aka adana ta a matsayin adadi, sifilin zai faɗi. Bayan haka, gurbin adadi na yau da kullum a rumbuna da yawa ba ya wuce 2,147,483,647, kuma lamba mai alƙaluma 11 ta zarce wannan. A manhajar ODK Collect ma gurbin cikakken adadi alƙaluma 9 yake ɗauka. Idan kuma aka sa 234 a gaba aka buɗe bayanan a Excel, sai lambar ta bayyana a taƙaitacciyar siffar lissafin kimiyya. Don haka gurbin rubutu ya dace da su, tare da umartar waya ta fito da allon lambobi. Fom da zai yi aiki a Katsina da Maraɗi a lokaci guda dole ya san cewa lambar Nijar alƙaluma 8 ce, da 227 a gabanta.

Iyakar ƙasashen biyu na da wani tarko. Najeriya na bin tsarin Ingilishi, inda waƙafi ke raba dubbai, aya kuma ta raba ɓangare. Nijar na bin na Faransanci, inda waƙafi ke raba ɓangare. Ke nan 1,500 dubu ɗaya da ɗari biyar ce a Kano, amma ɗaya da rabi ce a Damagaram. Nuna wa mai cikewa adadin da kalmomi kafin ya wuce yana rage wannan kuskure.

Ma'auni kuwa ya fi buƙatar tunani. Manomi na lissafin amfanin gonarsa da dami da buhu, mai saye a kasuwa da mudu ko tiya, kuma girman mudu ba ɗaya ba ne daga kasuwa zuwa kasuwa. Fom da ya ce a shigar da kilo kawai ya ɗora wa ma'aikacin tattara bayanai lissafin ka a tsaye a bakin gona, kuma ba za a taɓa sanin da wane ƙiyasi ya yi ba. Gurabe biyu, na adadi da na ma'auni, suna adana amsar yadda ta fito daga bakin mai ita, a bar juyawa zuwa kilo ga gurbin lissafi, inda za a iya gyara ƙiyasin daga baya. Wajen girman gona, XLSForm na da gurbin da ke ba ma'aikaci damar zagaya iyakar gonar da waya, tauraron ɗan'adam ya nuna inda ya bi, a lissafa faɗinta.

4. Kwanan Wata

Gurbin kwanan wata na HTML5 yana aika amsa kullum a tsarin shekara, wata, rana, amma yana nuna ta bisa saitin na'urar mai cikewa. Wayar da ke kan saitin Amurka za ta sa wata gaban rana, don haka 03/04 na iya zama 3 ga Afrilu ko 4 ga Maris. Kalanda mai buɗewa tana da kyau wajen zaɓar ranar ganin likita a mako mai zuwa. Wajen ranar haihuwa kuwa wahala ce, domin sai an yi ta komawa baya shekaru da dama. Gurabe uku, da sunan wata a rubuce, sun fi.

Babbar matsalar ita ce wajabtawa. Dattawa da yawa, musamman a karkara, ba a rubuta ranar haihuwarsu ba. Sukan danganta ta da wani abin da ya faru, ko da watan Musulunci, a ce da azumi ko bayan babbar salla. Idan fom ya ƙi wucewa sai da rana da wata, ma'aikaci zai ƙirƙiro, yawanci 1 ga Janairu. Masana ƙidayar jama'a sun daɗe da sanin yadda shekarun da ake faɗa da ka ke taruwa a kan masu ƙarewa da sifili da biyar, har suna da ma'aunin Whipple na gano hakan. Fom mai kyau yakan ba da damar shigar da shekara kaɗai, ko ƙiyasin shekaru, tare da alamar cewa ƙiyasi ne, domin mai nazari ya bambance sanannen kwanan wata da wanda aka kintata.

5. Guraben Zaɓi da Sharaɗi

Maɓallin zaɓi ɗaya ya dace da amsoshi kaɗan da ba sa haɗuwa, akwatin sa alama ya dace da inda amsa za ta iya wuce ɗaya, jeri mai saukowa kuma sai zaɓin ya yi yawa. Tsarin jeri na tasiri a kan amsa. Binciken Jon Krosnick da Duane Alwin na 1987 ya nuna cewa idan mutum na karanta zaɓuɓɓuka da idonsa yakan karkata ga na farko-farko, shi ya sa manhajoji ke ba da damar cakuɗa jerin. Zaɓin da aka riga aka danna wa mutum ya fi wannan haɗari, domin ba a iya bambance wanda ya zaɓa da wanda ya tsallake.

Najeriya na da jihohi 36 da Abuja, da ƙananan hukumomi 774. Jera su duka a waya ba zai yiwu ba, sai a yi jeri mai dogaro da na gabansa: wanda ya zaɓi Kano ya ga 44, Katsina 34, Jigawa 27. A nan sunan da kwamfuta ke adanawa yana da muhimmanci, saboda sunaye na maimaituwa. Akwai Nasarawa a jihar Kano, akwai ta a jihar Nasarawa. Akwai Obi a Binuwai da Nasarawa, da Bassa a Kogi da Filato. Kowace sai da lambarta ta daban. Wannan rabuwa tsakanin rubutun da ake gani da ƙimar da ake adanawa ita ce kuma ke ba XLSForm damar ɗaukar harsuna da yawa a fom ɗaya: a ƙara ginshiƙi na Hausa, da na Faransanci, da na Fulfulde, amsa ta sauka da lamba ɗaya ko da wane harshe aka cike.

Sharaɗi na ɓoye tambayar da ba ta shafi mutum ba, kamar tambayar juna biyu ga namiji. Rukuni mai maimaituwa kuwa yana buɗe tambayoyi iri ɗaya ga kowane mutum a gida. Fom da ya tanadi gurbin mata ɗaya da 'ya'ya huɗu bai san gidan Bahaushe ba, inda za a iya samun mata har huɗu, da 'ya'yan riƙo, da ƙannen maigida da iyalansu a tukunya ɗaya ko daban. Rukunin yana warware yawan, amma ma'anar gida sai an bayyana ta a rubuce.

6. Abubuwan da ba Tambaya ba

Kanun sashe, da ɗan bayanin taimako, da hoto, da murya, da rabon shafi ba sa karɓar amsa, amma su ke sa a fahimci tambaya. Ƙa'idojin WCAG na W3C, na sauƙaƙa wa masu nakasa amfani da shafukan intanet, tun fitowa ta 2.0 a 2008, sun buƙaci kowane gurbi ya zo da take ko umarni, kuma a bayyana kuskure da rubutu, kada a dogara da launi kaɗai. Rubutu mai dishi-dishi da ake sawa cikin akwati ba ya maye gurbin take, tunda yana ɓacewa da an fara rubutu, kuma makaho mai amfani da manhajar karanta allo na iya rasa shi. XLSForm na ba da damar liƙa murya ko hoto a kowace tambaya da kowane zaɓi. Ga wanda ya yi karatun allo bai yi boko ba, jin tambaya da Hausa da ganin hoton gero da dawa na ba shi ikon amsawa da kansa. Farashin hakan shi ne nauyi, domin kowane hoto data ce daga aljihun mai cikewa.

7. Tantancewa, Sabis da Doka

Tantancewar da ake yi a waya ko burauza don sauƙaƙa wa mai cikewa ce, kuma ana iya kauce mata, don haka wajibi ne saba ta sake tantance komai. Saƙon kuskure ya kamata ya faɗi gurbin, da abin da ake so, a kusa da gurbin, kuma kada a goge sauran amsoshi. Akwai bambanci tsakanin hani da gargaɗi: shekaru 200 kuskure ne da za a hana, 'ya'ya 25 kuwa abin tambaya ne ko an tabbata, domin yana faruwa.

Fom na HTML na yau da kullum yana buƙatar sabis a lokacin aikawa, kuma yankewarsa na iya cinye aikin rabin sa'a. ODK Collect na sauke fom sau ɗaya, a cike shi ba intanet, a aika idan an dawo inda sabis yake. Fom na burauza ma yana iya yin haka idan an sa shi adana amsa a na'ura bayan kowane shafi.

Ta fuskar doka, Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023, wadda ta kafa Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa, ta buƙaci a tattara bayanai don manufa bayyananniya, kuma kada su wuce abin da manufar ke buƙata. Ta ware wasu a matsayin masu tsananin sirri, ciki har da lafiya, da addini, da ƙabila, da bayanan jiki irin su zanen yatsa. Wannan na nufin kowane gurbi sai ya kasance da dalilin da za a iya karewa, kuma akwatin amincewa ba ya zuwa a danne. A wuraren da jama'a ke zuwa shagon intanet a cike musu fom, ko suke amfani da wayar wani, akwai ƙarin mutum tsakanin mai bayanai da rumbu, don haka fom ɗin ya kamata ya goge abin da ya adana a na'urar da zarar an aika, ya kuma tura shaidar karɓa zuwa lambar mai bayanan kansa.